Injin feshi a tsakar gida: abin da ke biyo manoman Bulumkutu daga gona

Daga ƙarshen watan Yuni har zuwa Satumba, wanda duk ya tsaya bakin titin Damaturu a Bulumkutu bayan La'asar zai ga ayarin masu dawowa daga gona. Wasu a kan kekuna, wasu cikin Keke Napep, wasu kuma a cunkushe bayan a-kori-kura daga wajajen Njimtilo da Auno. Babur dai babu shi, tun watan Yulin 2011 aka hana hawansa a Maiduguri. Cikin kayan da ake saukewa akwai fartanya, akwai jarka, akwai damin ganyen miya, sai kuma abin da shekaru ashirin baya ba kowane gida ke da shi ba: injin feshi na goyo, shuɗi ko rawaya, mai cin lita 16 ko 20, tiyonsa na reto, wani lokaci ma yana ɗiga a kan ƙafar wanda ke zaune kusa.

A da, manomin da ke da irin wannan inji yana iya barinsa a bukkar gona ko wajen wani amini a ƙauye. Yanzu wannan ya zama tarihi. Ana fita da safe bayan an buɗe shingen jami'an tsaro, a komo kafin a rufe, kuma tun kisan gillar da aka yi wa masu girbin shinkafa na Zabarmari a Koshebe cikin Nuwamban 2020, babu mai son yamma ta riske shi a daji. Duk abin da aka fita da shi sai an dawo da shi. Ga shi gidajen Bulumkutu, daga unguwar Tsallake har unguwar Abuja da kewayen kasuwa, da yawansu na haya ne, iyali uku ko huɗu a tsakar gida ɗaya, ciki har da waɗanda rikici ya koro daga ƙauyukansu. Randa ɗaya ce, makewayi ɗaya, magudanar ruwa ɗaya. A nan injin ke kwana, jingine da bango, kusa da buta da turmi da yaro mai rarrafe.

Ana yawan yi wa manoma nasiha kan yadda za su yi feshi: a sa takunkumi, a sa safar hannu, a bi bayan iska. Duk gaskiya ne. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rabin sa'ar da ke biyo bayan feshin, lokacin da mutum ya gaji, kafaɗa ta yi tsami, mai mota na danna oda. A wannan ɗan lokacin ne ake yanke hukuncin ko guba za ta tsaya a gona ko za ta shigo gida. Wanda ya yi feshi shi ya zaɓi aikin, ya san warin abin da ya zuba. Matarsa da 'ya'yansa da maƙwabtan ɗaki ba su zaɓa ba, galibi ma ba su san sunan maganin ba.

Matsalar ba ta Bulumkutu kaɗai ba ce. A kowace shekara ana samun mutane da yawa a duniya da maganin gona ke yi wa lahani ba da gangan ba, wasu daga ciki kuma suna rasa rayukansu. Mafi yawansu ƙananan manoma ne na ƙasashe masu zafi irin tamu, inda rigar kariya ta roba ke zama azaba a rana, inda kuma mai sayar da magani shi ne malamin gona, shi ne likita.

Injin da aka ce ya ƙare, bai ƙare ba. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai inji ya yarda da shi. Ko da ka yi ta bugun hannun famfo har sanda ta koma fitar da iska zalla, akwai saura a gindin tanki, akwai cikin tulun da ke tara iska, akwai cikin tiyo da maƙunnar hannu, akwai a jikin matatar bakin tanki da ƙaramar matatar da ke bayan kan feshi. Magungunan gari da ake damawa da ruwa suna kwanciya su zama laka, na mai kuma suna maƙalewa jikin roba. Idan aka bar su suka kwana, ruwan ya tafi, gubar ta ƙara kauri. Gobe da safe kan feshi ya toshe, robar famfo ta fara kumbura ko ta tsage, murfi ya fara yoyo a gadon bayan mai shi.

Gyaran yana farawa tun kafin a cika tanki na ƙarshe. A auna abin da ya rage na gona, a haɗa daidai shi. Idan rabin tanki zai isa, kada a cika don wai saura zai yi amfani gobe, domin yawancin magunguna suna rage ƙarfi in sun kwana cikin ruwa, balle cikin zafin Borno. Ɗan abin da ya rage a fesa shi a kan shukar da aka yi wa aikin, a gefen da bai samu sosai ba. Sannan a danne maƙunna har iskar da ke ciki ta fice tas kafin a taɓa murfi ko a kwance wani abu, don iskar da ta taru tana iya watsa wa mutum magani a ido.

Sai ɗauraya, kuma a nan ne ake ta da jijiyar wuya, saboda ruwa a Maiduguri kuɗi ne. Wanda ke sayen jarka wajen mai moya ba zai ji daɗin a ce masa ya cika tankin lita 16 sau uku ya zubar ba. To, ba haka ake nufi ba. Ƙa'idar da masana aikin gona suka daɗe suna koyarwa ita ce ɗauraya uku da ruwa kaɗan kaɗan, kuma lissafinta a fili yake. Mu ɗauka abin da ya maƙale cikin injin kashi ɗaya ne cikin goma na lita. In ka zuba lita 6 gaba ɗaya ka girgiza ka zubar, ka tsinka gubar kusan sau 60. In kuwa ka raba wannan ruwan gida uku, lita 2 kowane zubi, kana girgizawa kana fitarwa, zubin farko zai tsinka ta kusan sau 21, na biyu ya sake tsinka abin da ya rage haka, na uku ma haka, a ƙarshe ka tsinka ta fiye da sau 9,000. Ruwan dai lita 6 ne a duka biyun. Ƙaramar jarka ɗaya da aka ware wa wannan aiki, aka ɗaura a keke tun safe, ta wadatar.

Sharaɗi guda: kowane zubi sai an buga famfo an fitar da wani ɓangarensa ta tiyo da sanda, in ba haka ba tanki kawai aka wanke, hanyar da maganin ke bi tana nan yadda take. A zubi na biyu a sa ɗan garin sabulu. Ruwan ɗaurayar kuma a fesa shi a gonar da aka yi wa aiki, a warwatse, nesa da rijiya da tafki da mashayar dabbobi. Masu lambu a bakin kogin Ngadda da fadamar Jere su ne suka fi fuskantar jarabawa a nan, tunda ruwa na gabansu, abu mafi sauƙi shi ne a tsoma injin a ciki. Amma magungunan ƙwari da yawa da ake sayarwa a kasuwanninmu suna kashe kifi ko da ɗigo kaɗan ne, kuma ruwan da ya wuce ka, wani ne a ƙasa zai ɗiba ya shayar da salak ko ya yi wanka.

Idan dole ta sa sai a gida za a wanke, kamar mai 'yan kunyoyin alayyafo da kuɓewa da zogale a bayan ɗaki, irin lambun gida da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ta ƙarfafa wa mata gwiwa a kai a Borno, to wurin wanke-wanke da bakin famfo da wurin alwala duk haramtattu ne ga wannan aiki. Magudanar tsakar gida tana fita ne zuwa lungu, inda agwagi ke kiwo, yara ke wasa ba takalmi. A mayar da ruwan gindin shukar da aka fesa, a kuma hana yara da kaji zuwa wurin har ya bushe.

Akwai wata ɗabi'a da na fi jin tsoro fiye da duk sauran. Kan feshi ya toshe ana tsakiyar aiki, sai mutum ya kwance shi, ya kai baki ya hura. Kowa ya taɓa ganin wannan. In ka yi magana, amsar ba ta wuce "ai mun saba" ko "ni ba ya kama ni". Ba a sabawa da guba. Fatar leɓe da cikin baki suna zuƙar magani da sauri fiye da tafin hannu, kuma abin da ya toshe ƙofar, maganin ne da ya daskare. Wasu kuma allura suke sawa, ko ƙaya, ko silin waya. Wannan ba ya cutar da jiki nan take, amma yana buɗa ƙofar da aka ƙera da awo, daga ranar injin zai riƙa zubar da magani fiye da ƙima, yana feshi a karkace, kuɗin manomi na tsiyaya ƙasa bai sani ba. Abin da ya dace shi ne a jiƙa kan feshin da matatunsa cikin gwangwani da ruwan sabulu, a goge da tsohon buroshin haƙori da aka keɓe, ko da lallausan tsinken ciyawa. Wanda ya ajiye kan feshi na biyu cikin aljihu ya huta da wannan duka, kuma farashinsa bai kai na kwalbar magani mafi araha ba.

Rashin wanki na da wata asarar da ba a cika gane tushenta ba. Manomi ɗaya, inji ɗaya, amma aiki iri-iri: farkon damina maganin ciyawa, tsakiyarta maganin tsutsar masara da ta shigo Najeriya a 2016, lokacin furen wake maganin ƙwari, da rani kuma tumatir, wanda tun annobar tsutsar sharon ta 2016 a Kano da Kaduna masu shi ba sa wasa da feshi. Ga takin ruwa, wanda ya samu shiga bayan takunkumin da aka sa wa safarar takin yuriya a Arewa maso Gabas. Maganin ciyawa irin 2,4-D, da ake fesa wa shinkafa da masara, an san shi da shiga jikin roba ya ɓuya, daga baya ya fito cikin haɗin da ya biyo baya. Tumatir da wake da kuɓewa kuwa ba sa jure ko ƙanshinsa. Kwana kaɗan bayan feshi sai a ga sabon ganye ya nannaɗe, ya tsuke, kara ya murɗe. Mai gona ya zargi iri, ya zargi mai shago da sayar masa da jabu, wani ma ya ce kambun baka ne, alhali abin daga cikin tankinsa ya fito.

Mai hali ya sayi inji biyu, ya shafa wa na ciyawa jan fenti. Wanda ba shi da hali, bayan maganin ciyawa ya cika injin da ruwan sabulu, ya buga har ya fito ta sanda, ya bar shi ya kwana, washegari ya zubar ya sake ɗauraya. In zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya gwada a kan shuka biyu ko uku ya jira kwanaki kafin ya shiga gonar gaba ɗaya. Wannan ya fi shafar masu aro. A unguwa irin Bulumkutu inji ɗaya na iya zaga gida biyar a mako, ga kuma samarin da suka mai da feshi sana'a, ana biyansu tanki tanki. Babu kunya a tambayi maƙwabci, "Malam, me aka zuba a ciki jiya?" Kuma mutunci ne a mayar da abin aro a wanke, a faɗi abin da aka fesa da shi.

Ya kamata a san abin da ake goyawa. A jikin kwalbar magani akwai zanen launi a ƙasa: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Wanda bai iya karatun boko ba ma zai iya karanta wannan. Hukumar NAFDAC ta sanar da janye farakwat daga farkon 2024, kulofirifos daga Nuwamban 2024, atirazin kuma daga farkon 2025. Farakwat shi ne sinadarin da manoma suka sani cikin Gramoxone da ire-irensa, mai ƙone ciyawa cikin yini guda. Kurɓi ɗaya na iya lalata huhu, kuma har yau ba shi da makari. Sanarwar hukuma ba ta kwashe tsofaffin kwalabe daga ƙarƙashin gado, don haka wanda ke da saura a gida ya san abin da ya ajiye. Haka ma Sniper da ɗanyen haɗin nan da ake kira fiya-fiya: tun 2019 aka hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, kuma sinadarin cikinsa ne ya sa Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya a 2015. Duk da haka ana samun mai ɗauko injin gona ya fesa shi cikin ɗakin kwana don sauro ko kuɗin cizo, a rufe ƙofa, da dare a shimfiɗa wa yara tabarma. Maganin gona ba na ɗaki ba ne, injin da ya sha maganin gona ma haka.

Ajiya kuma yanayin garin ne ke tsara ta. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri na haura digiri 40, kuma rana na cin roba: tankin da aka bari a fili zai koɗe, ya yi gautsi, wata rana ya tsage a bayan mai shi cike da magani. Da hunturu ƙura ke shiga kowace kafa. Saboda haka bayan wanki a goge bayan tankin da igiyoyin goyo, waɗanda ke shan magani suna mayar wa kafaɗa, a kife shi a inuwa murfi a buɗe har ya bushe, sannan a mayar da murfin sako-sako don kada robar bakinsa ta lotse. A ɗiga ɗan mai a gaɓoɓin hannun famfo. Baƙin man inji kuwa kada ya kusanci robobin ciki, yana lalata wasunsu. Kan feshi da matatu a ƙulle su cikin leda a ɗaure jikin sanda, in ba haka ba zanzaro zai yi gini a ƙofar, ko yaro ya mai da su abin wasa. Tiyo kada a lanƙwashe shi, kuma a nisanta shi da ɓera.

Wurin ajiyar ya zama sama, a rataye a ƙusa ko a ɗora kan katako inda hannun yaro ba ya kai, a ɗakin da ba a kwana, ba a girki, ba a ajiye hatsi ko dusar dabbobi. Na san wannan sharaɗi ya yi wa mai ɗaki ɗaya nauyi. Amma akwatin ƙarfe tsoho da kwaɗo ya isa ya ɗauke kwalaben magani da gwangwanin awo da safar hannu, injin kuma a rataye shi ƙarƙashin rumfa a lulluɓe da buhu. Masu haya a gida ɗaya za su iya haɗa kai su keɓe lungu guda. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumban 2024, wadda ta mamaye Gwange da Fori da Monday Market, ta nuna wa duk mazauna Maiduguri cewa abin da aka ajiye a ƙasa na ruwa ne. Kwalbar magani da ruwa ya ɗauka ba a san randar da za ta ƙare kusa da ita ba.

Kwalbar da ta ƙare ita ma sau uku ake ɗauraye ta, tun lokacin haɗi, a juye ruwan cikin tanki don kada a yi asarar ko ɗigo. Daga nan a huda ta. Hudawar ce muhimmiya, domin kwalba mai kyau da murfi ba ta rasa mai so: wannan ta zuba man gyaɗa, wancan ya mai da ita buta, 'yan bola jari su tsince ta su sayar, ta koma hannun mai zoɓo. Babu wankin da ke mai da ita abin zuba abinci. Juye magani cikin gorar lemo ko ta ruwan sha kuwa, kamar yadda masu sayarwa a tsiyaye ke yi, shi ne hanya mafi kusa da yaro zai ɗauka ya kafa kai.

Sai kayan jiki, inda nauyin ke faɗawa kan mata. Maigida ya dawo ya tuɓe rigar feshi ya jefa cikin kwandon wanki tare da zanen goyo da rigunan makarantar yara. Uwargida ko 'yarta ta zuba hannu cikin baho ba ta san komai ba. Rigar feshi daban ake wanke ta, cikin bokitinta, a shanya a rana, kuma mai juna biyu da mai shayarwa ba su da hurumi a wannan wanki. Wanda ya yi feshin shi ya fi cancanta ya wanke abinsa. Ya kuma yi wanka da sabulu kafin ya ci abinci, kafin ya ɗauki ɗan da ya rugo yana masa oyoyo.

In tsautsayi ya faɗa, alamun gubar maganin ƙwari ba ɓoyayyu ba ne: zufa mai yawa, dalalar miyau, amai, ciwon ciki, jiri, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi nauyi. A cire kayan da suka jiƙe, a wanke jiki da ruwa mai yawa da sabulu, ido kuma a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na tsawon minti 15. Kada a ɗura wa mutum madara ko manja, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Mai na iya ƙara saurin shigar wasu magungunan cikin jiki, aman dole kuma na iya kai su huhu. A nufi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, a tafi da kwalbar a hannu, domin daga takardar jikinta likita zai san irin allurar da zai yi.

Injuna masu batir sun fara yawa, suna hutar da hannu, amma suna da nasu sharaɗin. Ba a tsoma su cikin ruwa, gindinsu da tsumma ake gogewa, kuma batirin da aka yasar ba caji tun daga kaka har bazara da wuya ya farfaɗo. Mutanen garin da ya shafe watanni cikin duhu bayan an rusa turakun wutar layin Damaturu a Janairun 2021 sun san hanyar shagon caji mai sola. A riƙa kai shi can ko sau ɗaya a wata.

Maiduguri ba ta rasa masu ilmin wannan aiki ba. Ga hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, BOSADP, da malaman gonarta, ga Kwalejin Aikin Gona ta Mohamet Lawan, ga tsangayar aikin gona ta jami'a, ga Cibiyar Binciken Tafkin Chadi. A duk damina gwamnati da ƙungiyoyin agaji na raba iri da magani da injunan feshi. Abin da nake roƙo shi ne duk inda za a miƙa wa mutum inji, a tsaya minti goma a nuna masa ɗauraya uku da hannu, da Kanuri da Hausa, a gaban matan gidan in da hali. Bulamomi da limaman unguwa za su iya tara mutane don wannan cikin watan Mayu. A wannan watan ne kuma ya kamata kowane mai inji ya sauko da nasa, ya cika shi da ruwa zalla, ya goya, ya buga, ya duba murfi da mahaɗar tiyo da maƙunna. Robar da ta tsage a canza ta tun shaguna ba su cika da masu neman irinta ba.